Doguwar Cikin Akwati

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin ya kai gida, akwai kuma wanda yake manne masa har tsufa. Ni dai ranar da muka kai wa yaran ƙauyen surukaina shirin rediyo don su saurara, ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai haushin ya dawo mini sabo fil, daga baya dariya ta biyo, ita ma ba da son raina ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Dogon Dutsi. Ni ba haifaffiyar ƙasar ba ce, aure ne ya kawo ni daga Damagaram, kuma a cikin gari na tashi, gidan malamai, inda in ka ambaci iskoki a gaban tsohonmu sai ka sha rankwashi. Aikina a rediyo shi ne muryoyi. Ina yin tsohuwa, ina yin jariri, ina yin akuya da kaza, duk abin da aka rasa mai yi sai a ce a kira gajeriyar nan. Don ni gajeriya ce ta gaske, ko kafaɗar mijina ban kai ba. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Sai wata ƙungiya ta zo da aikin shirya wa yara ƙanana shiri, na koyon ƙirga da sunayen abubuwa, irin wanda zai buɗe wa yaro kai kafin ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Suka turo mana wani mutum daga Yamai ya jagoranci aikin. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, ba ya cin fuska, amma in ya rubuta abu a takarda, to ko sama da ƙasa za su haɗu sai an bi shi yadda yake. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Shi ya zo da labarin wata raƙumar dawa mai son yara, da zanenta a bangon littafin, da dogon wuyanta da gashin idonta zara-zara. Muka zauna mu biyar a buro, wato ofis, muna neman sunan da za mu sa mata da Hausa. Wani ya ce ai ga suna nan a jikinta, Doguwa. Kowa ya ce ya yi. Mu biyar ɗin nan, dukanmu da hoton a gabanmu muke magana, kuma babu wanda ya tsaya ya tuna cewa rediyo ba ya nuna hoto.

Kashi na farko kacici-kacici ne. Dabbar za ta yi ta kwatanta kanta, sai a ƙarshe ta ce wace ce ni, yara su faɗa. Ni na yi muryar. Na sauke ta ƙasa, na ja ta a hankali, don Mushe ya ce babbar dabba ba ta magana da sauri. Na ji daɗin aikin ƙwarai, har na riƙa kunna wa kaina a gida.

Abin da ya rage shi ne a san shekarun yaran da za a yi wa shirin. 'Yan shekara uku zuwa huɗu ne, ko biyar zuwa shida, ko waɗanda suka ɗara haka? Mushe ya ce ba za a yi cinta ba, gwaji za a yi. A zaunar da yara kashi uku, a kunna musu, a ga kashin da ya zauna har ƙarshe, shi ke nan an sami masu shiri. Muka fara gwadawa a wani jardan, makarantar ƙananan yara ta cikin gari, wajen 'ya'yan ma'aikata. Waɗannan kam tun ba a kai rabi ba suka hau ihun "jiraf, jiraf", sunanta da Faransanci, don sun gan ta a littafi da tele. Mushe ya ce wannan bai isa ba, shirin na yaran karkara ne, a nemo ƙauye. Ni da bakina na ce a je ƙauyen su maigidana, can ƙasar Gecheme. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ba banza na zaɓi garin ba, ina da tawa buƙatar a can. Wan mijina yana da ɗiya 'yar shekara shida, uwarta ta rasu tun tana goye, shi kuma yana can bakin teku wajen nema, sai a shekara bai leƙo ba. Yarinyar tana hannun kakarta, wato surukata, wadda nake kira Iya. Ni kuma Allah ya ba ni maza uku, bai ba ni mace ba. Na daɗe ina lallaɓar Iya ta ba ni ita in riƙe, in sa ta lakwal a Dutsi, don makarantar da ta fi kusa da su tafiya ce wadda ƙafar yarinya ba za ta iya ba. Da ƙyar da siɗin goshi Iya ta yarda a daminar nan. Har na sa an ɗinka wa yarinyar riguna, na sayi jaka da allo. Buɗe makarantu ya matso, na ce in mun gama gwajin sai in ɗauko ta mu dawo a motar aiki. Yarinyar kuwa tana sona, in na je garin ba ta barin gefen zanena, Tanti kaza, Tanti kaza, har sai na ce ta bar ni in sha ruwa.

Muka tashi da sassafe, ni da Mushe da direba. Bayan Kore Mairuwa muka bar kwalta muka shiga yashi, mota tana nishi tsakanin gonaki. Ƙarshen damina ne, hatsi ya fi mutum tsawo. Da muka isa sai muka tarar duk garin ya fito, don labari ya riga mu cewa matar wane ta zo da masu raba wa yara biskit.

Daga nan wahalar ta fara. Mushe yana so a raba yara bisa shekarunsu, amma wa ya san shekarunsu? Ka tambayi uwa, ta ce an haife shi da kaka, shekarar da rijiyar gabas ta rufta. Ka tambayi wata ta ce ai sa'an ɗan maƙwabciyarta ne, maƙwabciyar kuma ta ce ƙarya ne, nata ya riga da yaye guda. Ga shi an raɗa musu cewa ƙanana za su fi samun biskit, sai kowane yaro ya koma ɗan shekara uku, har da wani mai kai awaki kiwo shi kaɗai. Da na gaji sai na koma hanyar tsofaffin malaman lakwal. Kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya ɓarin, sannan ya buɗe baki in ga ko ya yi famfara. Wanda hannunsa bai kai ko kusa ba, tabarmar farko. Wanda ya kusa ko ya taɓa da ƙyar, ta biyu. Mai giɓi da sababbin haƙora, ta uku. Ina yi ina faɗa, ina janye 'yan mata masu goyo waɗanda ba su san tabarmar da za su zauna ba, tasu ko ta ɗan bayansu. Kafin mu gama, rana ta take tsaka.

Mushe ya ce cikin gari da hayaniya, a koma inda babu surutu. Ya hango wata tsohuwar tsamiya a bakin gari mai inuwa lumshi, ya ce can. Na ji matan suna ƙunƙuni, wata ta ce tsamiya kuma da tsakar rana, amma ni na ɗauka ƙorafin zafi ne da girkin da suka bari a wuta. Aka shimfiɗa tabarmi. Akwatin da muka zo da shi ɗan ƙarami ne mai cin memori, muryarsa ba ta kai wa tabarma ta uku sosai. Direba, da neman taimako, ya ce bari ya rataye shi a reshe don kowa ya ji daidai. Ya taka bayan mota ya cusa shi can cikin ganye, inda ko ni da na san yana nan ba na ganinsa. Mushe ya ce iyaye su ja baya, kada kowa ya yi magana, kada a bayyana wa yara komai, don kada a ɓata gwaji. Ɗiyar tawa tana tabarma ta biyu, sahun gaba, tana yi mini murmushi.

Direba ya danna. Aka ɗan yi kiɗan gurmi, yara suka yi tsit suna ɗaga kai. Sai muryata ta sauko daga cikin tsamiya, a hankali, da kauri.

"Sannunku yara. Ni ce Doguwa. A daji nake kwana, a daji nake tashi. In ina tafiya ba a jin sawuna. Kaina yana can saman itace, ina ganinku, ku ba ku ganina. Yau na zo in ƙirga ku. Ɗaya. Biyu. Uku."

Ban ji huɗu ba. Wallahi ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Manyan tabarma ta uku suka fara zabura, kowa ya fizgi ƙaninsa, ta biyu ta watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Wasu suka nufi gari, wasu suka faɗa cikin hatsi, sai motsin kara kake gani. Takalma, kallabi, wani har wandonsa ya bari. Iyayen da aka ce su ja baya suka ja baya da gaske, suna salati suna kiran 'ya'yansu. Ni ina tsaye baki buɗe, ina kiran ku dawo, ku dawo, ba komai, ban tuna cewa muryar da nake kiran nasu da ita, ita ce dai mai magana a saman itacen ba.

Da ƙura ta lafa, sai ga 'yan tabarmar farko zaune abinsu, waɗanda ba su da yayyen da za su ja su. Ɗaya yana cin ƙasa. Ɗaya ta yi barci da yatsa a baki. Ɗaya yana ta ƙoƙarin cire wa Mushe igiyar takalmi. A samansu Doguwa tana ta bayani cikin natsuwa, ƙafafuna huɗu, jikina dabbare-dabbare, wuyana ya fi na raƙumi, ina son ganyen gawo da na wake, wace ce ni? Babu wanda ya amsa mata sai wani ɗan akuya.

Na juya wajen Mushe don mu jajanta wa juna, sai na ga bawan Allah yana rubutu. Ya ɗago da fara'a ya ce ai sakamako ya fito fili, ƙananan ne kawai suka zauna har ƙarshe, saboda haka shirin na 'yan uku zuwa huɗu ne. Za a rage labarin, a cire kacici-kacici, a ƙara waƙa da tafi. Na ce Mushe, ba ka ga abin da ya faru ba? Ya ce ya gani, yara sun tashi, kuma tashi alama ce ta rashin sha'awa, haka tsarin gwajin ya ce. Na ce wannan ba tashi ba ne, gudun ceton rai ne. Ya ce babu gurbin gudun ceton rai a takardarsa. Na cije leɓe, don in na buɗe baki a lokacin, aikin nawa ma sai ya tafi.

Sai a wajen direba na ji bayanin, shi ma bayan wani dattijo ya ja shi gefe ya wanke shi tas. A ƙasar nan Doguwa ba doguwar mace ba ce kawai. Sunan iska ce, babba, wadda ake cewa tana zaune a daji da cikin manyan itatuwa, ba a kiran sunanta da wasa, balle da tsakar rana, balle a gindin tsamiya. Na san kalmar mana, wa bai taɓa jin ta ba? Amma a wajena abu ne na bakin tsofaffi can nesa, ban taɓa haɗa ta da dabbar nan mai gashin ido ba. Mu kuma muka kawo ta, muka ɗora ta a reshe, muka sa ta ce ta zo ƙirga 'ya'yan mutane, a garin da ko uwa ba ta ƙirga 'ya'yanta da baki don tsoron kada a rage mata. In da gangan muka shirya tsoratar da su, ba za mu iya haɗa shi da kyau haka ba.

Mushe da direba suka wuce Gecheme su kwana, a kan za su biyo ta kaina da hantsi. Ni na shiga gidan surukai, a nan na tarar da shari'a iri biyu tana jirana. A zaure ƙanin mijina ne, ɗan kasuwa mai kai kaya Kore Mairuwa, wanda tun da ya fara zuwa karatu ya ɗage wando ya daina wasan ƙanin miji da ni. Ya ce, idonsa a ƙasa, bai taɓa zaton daga gidansu za a kawo wa yara bori a cikin akwati ba, su suna ta fama a raba mutane da shirka, ni kuma na zo da ita da kiɗan gurmi. A cikin gida kuma tsofaffin mata ne sun cika tsakar gida, su nasu faɗan daban. Wai na kira sunan da ba a kira, na kwaikwayi muryar wadda ba a kwaikwaya, in wani abu ya sami yaro a garin nan an san inda za a nufa. Mutanen nan shekara da shekaru ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, sai a kaina. Gaba kura, baya sayaki. Na ce raƙumin dawa ne, jama'a, dabba ce, sai ka ce da bango nake yi. Wata tsohuwa ta ce ita ta ji da kunnenta, abar ta faɗi sunanta, kuma ba ta ce raƙumi ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne yarinyar. Tun da ta gudo ta shige ƙuryar ɗakin Iya, bayan tukwane, ta ƙi fitowa. Sauran yara sun ji iska ce kawai a itace. Ita kaɗai ta gane mai muryar. Na leƙa na kira ta, tana jin na yi magana ta ƙanƙame ƙafar kakarta, ta ce, "Iya, Tanti ta. Muryatta ta." Na miƙa mata rigunan da na kawo, ko kallonsu ba ta yi ba. Da yamma aka kai mata tuwo ciki, nan ta ci, nan ta kwanta.

Iya ba mai yawan magana ba ce. Ta bari sai da matan suka watse, sannan ta ce mini, "Ɗiyata, ni na san ba ki da komi. Amma ba a kai yaro inda ranshi bai kwanta ba. In ba ta so, sai baɗi." Na san irin wannan baɗin. Baɗi za a ce ta fara amfani a gida, wa zai ɗebo wa tsohuwa ruwa, baɗin waccan kuma a ce ta girme wa aji ɗaya. Na kwanta ina tafasa. Haushin Mushe, haushin direba da reshensa, haushin wanda ya fara cewa ga suna nan a jikinta. Wai karatun yarinya zai salwanta saboda raƙumin dawa. Kuka ma ya ƙi zuwa, tsaki kawai nake ja.

Da safe na zaga bayan gida, sai na ji ta bayan danga ana cewa, da ƙaramar murya mai kauri, "Ni ce Doguwa, a daji nake kwana, a daji nake tashi." Na leƙa ta kafar kara. 'Yan tabarma ta biyu ne, su da suka zubar da takalma jiya, sun taru a gindin rumbu. Ɗaya ya hau turmi ya lulluɓa da buhu, yana maimaita maganata kalma bayan kalma, har da inda nake jan numfashi, kuma da Hausar rediyo, ba irin tasu ba. In ya kai uku sai sauran su watse da ihu da dariya, su dawo, wani ya hau. Na ciro salula a hankali na ɗauki muryarsu. Ina nan sai gardama ta kaure a kan wa ya fara gudu. Wani ya ce shi dole ya gudu, don daga bakin tabarma aka faro, kuma saura kaɗan a iso kansa. Sai wata ta ce ai wance ce ta huɗu, ita aka kusa kamawa. Wancen nan ɗiyata ce. Ashe yarinyar ta bi ƙirgar da ido, ɗaya, biyu, uku, ta ga ita ce mai bi, kuma da muryar Tantinta.

Na dawo tsakar gida na tsaya. Iya tana zaune bakin ƙofarta tana tsinkar zogale, matan gida suna daka, ƙanin mijina ya shigo gaida tsohuwa kafin ya fita. Mota tana iya zuwa kowane lokaci. Lallashi na yi ya ƙi, rantsuwa na yi ta ƙi. Abu ɗaya ya rage, kuma abu ne da matar ɗa mai hankali ba ta yi a gaban uwar mijinta. Ni da shekara da shekaru ban taɓa cin abinci a gaban Iya ba, ban taɓa ɗaga murya a gidan ba, ko sunan ɗanta ban taɓa kamawa ba. Na ce a raina, kunya dai ba ta kai yaro makaranta.

Na gyara ɗamara, na tsaya tsakiyar gida, na yi kukan akuya. Ba ɗan kaɗan ba, irin na akuyar da aka raba da ɗanta. Taɓarya ta tsaya a sama. Awakin gidan suka amsa. Na bi da kaza mai neman wurin ƙwai, na yi jaki, na yi jariri, na yi tsohuwa mai cinikin daddawa tana rantsuwa an cuce ta. Wata matar gidan ta saki taɓarya ta riƙe ciki. Iya ta ja mayafi ta rufe baki, amma kafaɗunta suna motsi. Ƙanin mijina ya juya wa bango fuska yana ta a'uzubillahi, ina jin dariyar tana ƙwace masa ta hanci. Ni kuwa zufa kawai nake yi, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can na ga labulen ɗakin Iya ya ɗan motsa, ido ɗaya ya bayyana.

Ban kalli wajen ba. Na ce, da muryata ta kullum, duk waɗannan ni ce, babu akuya a cikina, babu jaki, aikina ke nan da ake biyana. Yanzu kuma ga ta jiya, a gabanku, da rana, kowa yana ganin bakina. Na sauke murya na faro. Da na ce ni ce Doguwa, gidan ya yi tsit, wata tsohuwa ta tofa a cikin rigarta. Ban tsaya ba. Da na zo ƙirga, na kama nuna turame da tukwane maimakon mutane, na wuce uku, na wuce huɗu, har goma, babu abin da ya faru da kowa. Sannan na shiga wajen da ba wanda ya tsaya ya ji jiya. Ƙafafuna huɗu. Jikina dabbare-dabbare. Wuyana ya fi na raƙumi. Ina son ganyen gawo da na wake. Na miƙa ɗan wuyan nan nawa iya ƙarfina, na ce wace ce ni?

Manya suna kallon juna. Sai daga bayan labule aka ce, a hankali, "Raƙumin dawa."

Ta taɓa jin labarinsa wajen ubanta, wanda ya gan su a hanyar Yamai suna cin waken mutane. Ta fito, ba da gudu ba, tana bin bango, ta tsaya nesa da ni kaɗan tana dubana sama da ƙasa, fuska a murtuke. Sannan ta ce, "To don mi ba ki hwaɗi ba tun hwarko?"

Mu biyar masu takardu a buro, da mutumin Yamai, da kwanakin da muka ɓata, ga tambayar da ya kamata wani ya yi tun ranar farko. Iya ta share ido da gefen mayafi ta ce wa yarinyar ta je ta gwada rigunan, kada mota ta zo tana jira.

Da Mushe ya iso na kunna masa abin da na ɗauka a bayan danga. Ya saurara sau biyu. Na ce masa ya je ya tambayi waɗanda suka zauna har ƙarshe ko me suka ji. Ya je kuwa, don shi ba ya ƙin gwaji. Ɗaya ya miƙa masa hannu yana neman biskit, ɗaya ta fashe da kuka. Ya dawo ya zauna a kan turmi ya yi dariya har da cire tabarau, ya ce shi tun da yake aiki bai taɓa ganin shirin da aka fahimta da sauri haka ba. Aka sake wa dabbar suna, ta koma Mai Dogon Wuya, aka sa ta ƙirga 'ya'yan itace maimakon 'ya'yan mutane. Da muka sake gwadawa a wani gari, akwatin a ƙasa a gaban kowa, manyan suka gano amsar tun da wuri suka fara tsokanar juna, ƙananan suka yi barcinsu, 'yan biyar zuwa shida kuwa suka matso har suna gware da kai. Su aka yi wa shirin.

Yarinyar ta biyo ni a ranar, a kan cinyata, tana tambaya ko jakin ma ni ce a rediyo. Yanzu ta yi nisa a karatu, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Abin da bai wuce ba shi ne sunan. Ƙanin mijina ya dawo da wasan da ya daina, kuma shi ya laƙaba mini, har yau in na sauka a garin, daga tsofaffi har yaran da ba a haifa ba a lokacin, sai ka ji ana ga Raƙumin Dawa ta iso. Ni, da sai na taka kujera nake sauko da kwano daga kantar ɗakina. Na yi faɗan har na gaji na bari.

Abin da ranar ta koya mini shi ne zama ba saurare ba ne. Yaron da ya zauna shiru har ƙarshe, mai yiwuwa ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba, wanda ya zubar da takalmi ya faɗa cikin hatsi kuwa ya ji komai, har da abin da ba mu san mun faɗa ba. Tun daga lokacin, in na yi wa yaro magana na ga ya ja da baya, ba na cewa ba ya ji. Tsugunnawa nake yi in tambaye shi me ya ji na ce.